Malamar Lissafi da Teku

Ranar da ma'aikaci ya kai shekarun ajiye aiki, fatan da abokan aikinsa ke yi masa wajen walimar ban kwana guda ɗaya ne: Allah ya ba shi hutu. Sukan ce ya sha wahala, yanzu lokaci ya yi da zai koma inuwa, ya ci fanshonsa, ya yi wasa da jikoki. Fata ne na alheri, ba shakka. Sai dai duk wanda ya lura da tsohon malamin makaranta a shekarar farko bayan ya miƙa mabuɗin aji, ya san cewa hutun nan ma kaya ne, kuma ba kowane wuya ke iya ɗaukarsa ba. Mutumin da ƙararrawa ta yi shekara talatin tana tashinsa, yara na jiran bakinsa kowace safiya, sai ga shi ya wayi gari babu mai jiransa. Ƙarfinsa bai ƙare ba, iliminsa na nan cikin kansa, amma babu inda zai kai su.

A ƙasashen Turai da Amurka da ke bakin teku, akwai wata hanya da mutane da dama suka ɗauka don fita daga wannan hali. Miji da mata sukan sayar da gidansu, ko su zuba ƴan haya, su sayi ƙaramin jirgin ruwa irin wanda iska ke turawa, su mai da shi mazauni. Irin wannan jirgi tsawonsa mita 10 zuwa 13 ne, wato kaɗan ya ɗara ɗakin aji. A tsakiyarsa akwai dogon jigo da ake ɗaura wa filafili, babban ƙyalle mai ƙwari wanda ke kama iska. A ƙarƙashinsa kuma akwai nauyin dalma ko ƙarfe da ke hana shi kifewa. A ciki akwai gado, da murhun gas, da teburin taswira, da ɗan injin da ake tayarwa wajen shiga tasha ko in iska ta kwanta. Mafi yawan masu wannan rayuwa gaɓa suke bi: su tashi da safe daga wannan tasha, su kwana a waccan, ba tare da ƙasa ta ɓace musu ba. Kaɗan daga cikinsu ne ke juya wa ƙasa baya su ƙetare teku. Labarin Jeanne Socrates ya haɗa hanyoyin biyu, kuma ya nuna wani abu game da su wanda mutumin tudu ba zai yi zato ba.

Jeanne Socrates Baturiyar Ingila ce. An haife ta a 1942, kuma lissafi ta koyar, a jami'a da kuma makarantar sakandare a birnin Landan. Ba ta fara koyon tuƙin jirgi ba sai da ta doshi shekara 50. A 1997 ita da mijinta suka ajiye aiki tun wa'adinsu bai cika ba, suka sayi jirgi ƙirar ƙasar Suwidin mai tsawon kusan mita 11, suka raɗa masa suna Nereida. Burinsu bai wuce na sauran tsararrakinsu ba: su bi gaɓa sannu a hankali, su ga garuruwa, su tsufa tare.

Wanda ya ji an ce bin gaɓa zai ɗauka yawon shan iska ne, alhali makaranta ce mai jarrabawa kowace rana. Teku ba ya tsayawa wuri ɗaya kamar tafki. Sau biyu a yini yana cikowa, sau biyu yana janyewa, saboda jan da wata da rana ke yi masa, kuma tsakanin wannan cikowa da mai bi mata akwai kimanin awa 12 da minti 25. A wasu wurare na mashigin da ke tsakanin Ingila da Faransa, kamar Saint-Malo, tashin ruwan na iya kai mita 12. Inda jirgi ya bi lafiya da hantsi, da la'asar sai a ga dutse tsirara. Don haka matuƙi ba ya kwance igiya sai ya zauna da fensir da littafin lokutan ruwa. Akwai wata ƙa'ida da ake koya wa kowane sabon shiga: a raba tashin ruwan gida 12, a awa ta farko ruwa zai hau kashi 1, a ta biyu kashi 2, a ta uku da ta huɗu kashi uku-uku, a ta biyar kashi 2, a ta shida kashi 1. Da wannan lissafi na ƴan firamare ake sanin ko jirgi zai wuce bisa tudun rairayi ko zai zauna a kansa. Sannan ga gudun ruwa da ke jan jirgi gefe, wanda sai an zana shi bisa taswira, an haɗa shi da saurin jirgin, kafin a san kusurwar da za a nufa. Malamar da ta yi shekaru tana zana kusurwoyi bisa allo ta tarar da su suna jiranta a nan. Bambancin kawai, a aji kuskure jan biro yake jawowa, a teku kuwa gindin jirgi yake fasawa. Ta koma ɗaliba tana da furfura, ta tabbatar da maganar masu cewa gemu ba ya hana ilimi.

A 1999 ma'auratan suka ƙetare tekun Atlantika zuwa tsibiran Karebiyan. Wannan hanya ce da ɗaruruwan ƙananan jirage ke bi kowace shekara, kuma da yawa daga masu su mutane ne da suka yi ritaya. Tun 1986 akwai wani ayari da ake kira ARC, wanda ke tashi daga Las Palmas a tsibiran Kanari cikin watan Nuwamba, lokacin da damanar guguwa ke ƙarewa, ya yi tafiyar kimanin mil 2,700 na teku, kowane mil kuwa mita 1,852 ne. Ba a miƙewa kai tsaye zuwa yamma. Sai an gangara kudu, wajen tsibiran Kap Ver, har a haɗu da iskar arewa maso gabas wadda ke busawa ba fashi, ita ce za ta tura jirgi mako biyu ko uku har ya ga ƙasa. Iskar nan ba baƙuwa ba ce ga mutanen Sahel, domin ƴar uwar iskar hunturu ce. Ƙurar da ke rufe rana a Tawa da Damagaram cikin Disamba takan bi ta har tsakiyar teku, matuƙa su wayi gari su tarar da jan hazo ya kwanta bisa filafilansu, alhali babu ƙasa ko ta ina.

Shekarun jin daɗin ba su yi tsawo ba. Ciwon daji ya kama mijinta, ya rasu a 2003, tana da shekara 60. Abin da aka saba gani a irin wannan hali shi ne a sayar da jirgi, wanda ya rage ya koma kusa da ƴaƴa, domin jirgin ma'aurata aikin hannu huɗu ne: ɗaya na tuƙi ɗaya na barci, ɗaya na jan igiya ɗaya na duba taswira. Ita kuwa ta zauna cikin jirgin. Ma'anar wannan zaɓi ita ce duk aikin da a da ake rabawa ya dawo wuyanta, tun daga gyaran inji da wayoyin lantarki har hawa ƙololuwar jigo in wani abu ya tsinke.

Abu mafi wuya ga mai tafiya shi kaɗai shi ne barci. Jirgi ba ya tsayawa da dare, kuma babu wanda zai karɓi tuƙi. Ana dogara ne da na'urar da ke riƙe wa jirgi alkibla, ko dai mai aiki da lantarki ko mai aiki da iska. Amma na'urar ba ta da ido. Babban jirgin kaya na iya tasowa daga inda ido ya ƙare ya iso kan ƙaramin jirgi cikin kamar minti 20, saboda haka inda ake cunkoso ko kusa da ƙasa, matuƙi yakan saka agogo, ya runtsa kaɗan, ya tashi ya duba ko'ina, ya sake kwanciya. Haka ake yi dare bayan dare.

A 2006 ta shiga tseren masu tafiya su kaɗai daga San Faransisko zuwa Hawai. A watan Maris na 2007 ta tashi daga Zihuatanejo, a gaɓar yammacin Meksiko, da niyyar kewaya duniya ita kaɗai, tana yada zango a tashoshi. Ta ratsa tekun Pasifik, ta bi ta Ostiraliya, ta ƙetare tekun Indiya zuwa Afirka ta Kudu, ta hau Atlantika, ta wuce ta mashigin Panama, ta kama gaɓar Meksiko tana komawa inda ta fito. A watan Yuni na 2008, saura kimanin mil 60 ta rufe da'irar, wato abin da bai kai rabin tafiyar Maradi zuwa Damagaram ba, na'urar tuƙi ta daina aiki tana cikin ɗan barcin nan nata. Jirgin ya karkata ya hau rairayin gaɓa, raƙuman ruwa suka yi ta dukansa har ya tashi daga aiki. Ta tsira da ranta. Jirgin da suka saya tare da mijinta, wanda shi ne gidanta shekara 11, a nan ya ƙare.

A nan ne abin da mutumin tudu ba ya zato ya fito fili. Mai kallo daga tudu yana ganin haɗari na can tsakiyar teku, inda babu kowa, tsira kuma tana gaɓa. Matuƙa sun san akasin haka. Jirgi mai ƙwari, in yana da sarari, yana iya jure hadari mai tsanani: a rage filafili, a rufe ƙofofi, a bar shi yana hawa da sauka har iska ta gaji. Abin da ba ya iya jurewa shi ne dutse da rairayi. Shi ya sa idan hadari ya taso, iska kuma na turawa wajen ƙasa, gogaggen matuƙi ba ya gudu zuwa tashar da bai sani ba. Nesa da ƙasa yake nufa, ya nemi fili. Nereida ta ratsa manyan tekuna uku ba ta fashe ba, sai da ta zo inda ake jin ƙanshin gida. Kusa da gida ne ido ke yin nauyi, gajiyar watanni ta taru, zuciya ta fara sauke kaya tun ba a iso ba.

Mace mai shekara 65 da ta rasa miji, ta rasa jirgi, babu wanda zai zarge ta in ta ce ya isa. A 2009 sai ga ta da sabon jirgi, ɗan ɗara na farko girma, ta sake sa masa suna Nereida, ta kuma ɗaga burinta: kewaya duniya ita kaɗai, ba tsayawa, ba taimakon kowa. Ƙa'idar irin wannan tafiya mai tsauri ce. Ba a taka ƙasa, ba a karɓar ko da kwalbar ruwa daga hannun wani, ba a tura jirgi da inji. Abincin watanni tara ko goma sai an loda shi tun daga gida, tare da kayan gyaran duk abin da ka iya lalacewa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma tun da ba za a bi ta Panama ko Suwez ba, dole a gangara can ƙasan duniya, kudu da Afirka, da Ostiraliya, da Niyu Zilan, da Amurka ta Kudu.

Wannan yanki shi ne mafi tsanani a tekunan duniya, kuma dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya juya ƙwallon taswira. Can kudu babu wata ƙasa da ke tare iskar yamma. Tana kewaya duniya ba shamaki, tana tara raƙuman ruwa masu tsayin gidan sama. A tsinin Horn, ƙarshen Amurka ta Kudu, duk wannan ruwa yana matsewa ta wata kafa mai faɗin kimanin kilomita 800 tsakaninsa da yankin ƙanƙara na Antatika, ƙasan tekun kuma yana tasowa, sai raƙuman su miƙe tsaye.

Yunƙurinta na farko, wanda ta fara daga tsibiran Kanari a 2009, ya tsaya a Kep Tawun saboda gyare-gyare. Na biyu ta fara shi daga Biktoriya, a yammacin Kanada, cikin Oktoba 2010. A Janairu 2011, tana gab da tsinin Horn, wani raƙumin ruwa ya kwantar da jirgin bisa haƙarƙarinsa, ya karya sandar da ke riƙe da gindin babban filafili, ruwa ya shiga ciki. An yi mata tayin a ja jirgin, ta ƙi. Ta gyara abin da ke gyaruwa, ta kewaye tsinin da kanta, ta shiga tashar Ushuwaya ta ƙasar Ajantina. Sai a karo na uku abin ya yiwu. Ta bar Biktoriya ranar 22 ga Oktoba 2012, ta dawo ranar 8 ga Yuli 2013, bayan fiye da wata takwas ba ta taka ƙasa ba. Tana da shekara 70, kuma babu macen da ta taɓa yin wannan tafiya da yawan shekarunta. A tsawon watannin nan, abin da ya haɗa ta da mutane shi ne rediyo mai cin dogon zango, inda take gaisawa da masu sha'awar rediyo na ƙasashe dabam-dabam, su ba ta labari, ta ba su inda take.

Gaɓa ba ta gama da ita ba. A 2017, tana shirin sake fita, jirgin na kan tudu ana gyaransa, ta faɗo daga samansa ta karya ƙashin wuya da haƙarƙari. Matar da tsinin Horn bai karya ba, ƙasa busasshiya ce ta kwantar da ita. Bayan ta warke, ta tashi daga Biktoriya ranar 3 ga Oktoba 2018, ta dawo ranar 7 ga Satumba 2019, kwana 339, tana da shekara 77. A ranar nan babu wani mahaluki, mace ko namiji, da ya taɓa kewaya duniya shi kaɗai ba tsayawa yana da waɗannan shekaru.

Ba ita kaɗai ba ce a wannan sahu. Francis Chichester ya cika shekara 65 a tsakiyar teku, cikin tafiyar da ya fara daga Plymouth a Agusta 1966, ya yada zango sau ɗaya tak a Sidni, ya dawo gida a Mayu 1967. Jean-Luc Van Den Heede, Bafaranshe, shi ma tsohon malamin lissafi, ya lashe tseren Golden Globe a Janairu 2019 yana da shekara 73, bayan kwana 211 a teku. A wannan tsere an hana amfani da na'urar tauraron ɗan Adam wajen gane hanya; da ma'aunin tsayin rana da taurari, da agogo, da lissafin hannu ake sanin inda ake, kuma daga cikin mutum 18 da suka tashi, 5 ne kawai suka kai ƙarshe. Ba abin mamaki ba ne tsofaffi su yi fice a nan. Tafiya mai nisa ba ta neman ƙarfin damtse kamar yadda take neman haƙuri, da tsari, da sanin lokacin da za a rage filafili tun hadari bai iso ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Duk da haka, akwai maganganu biyu da adalci ya ce a faɗa. Ta farko, wannan rayuwa ta masu hali ce. Jirgi irin Nereida kuɗin gida yake ci, gyaransa kuma ba ya ƙarewa, kuma ko a Turai mafi yawan masu fansho ba su isa su yi mafarkinsa ba. Ta biyu ta fi nauyi: tsohon da ya jefa kansa cikin haɗari ba ransa kaɗai ya sa a caca ba. Akwai iyalin da ke kwana da fargaba, akwai kuma masu ceto da za su fita cikin hadari in ya yi kira. Masu wannan suka ba su yi ƙarya ba. Abin da za a iya cewa game da Jeanne Socrates shi ne ba ta ɗauki wannan bashi da wasa ba. Ranar da jirginta ya karye kusa da Horn ta kai kanta tasha, kuma ta yi amfani da tafiye-tafiyenta wajen tara gudummawa, ga masu jinyar ciwon daji, sannan ga ƙungiyar RNLI ta masu aikin ceto a tekun Birtaniya, waɗanda yawancinsu ƴan sa kai ne. Ko hakan ya isa ya biya fargabar iyali, wannan hukunci ne da kowane gida zai yanke wa kansa.

Kambin nata ma bai daɗe ba. A Fabrairu 2020, wata biyar bayan dawowarta, wani mutumin Ostiraliya, Bill Hatfield, ya kammala kewaya duniya shi kaɗai ba tsayawa yana da shekara 81. Da a ce don kambi ta yi, da an ce wahalar ta tashi a banza. Amma lissafin rayuwarta ya nuna wani abu dabam. Daga 1997 da ta ajiye alli zuwa 2019 shekara 22 ke nan, kusan tsawon aikin gwamnati na wani ma'aikacin. Cikin waɗannan shekaru ta koyi sana'a tun daga baƙaƙenta, ta faɗi jarrabawa fiye da sau ɗaya, ta maimaita aji, ta ci. Abokan aikin da suka yi mata fatan hutu ba su san cewa rabin karatunta na gaba ba.

Mafi yawan waɗanda za su miƙa mabuɗin aji bana ba za su taɓa ganin filafili ba, kuma ba su da bukatarsa. Amma shekaru ashirin ɗin nan suna gaban da yawa daga cikinsu, in Allah ya ba da rai da lafiya, kuma shekaru ne da ake iya cinyewa a kan tabarma ana jiran ƙarshen wata, ana kuma iya fara wani karatu a cikinsu. Masu bin teku sun daɗe da sanin cewa jirgin da aka ɗaure a tasha aka manta da shi ba ya tsira: gansakuka na kama gindinsa, gishiri na cin ƙarfensa, igiyoyinsa na ruɓewa a rana, har ranar da za a zo kwance shi a tarar ba ya iya fita.